Ciwon suga mai allura: tsakanin 'yan mata da samari wa ya fi shan wuya?

Maman Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Don Allah likitocin gidan ga ku taimaka muna da bayani. Wanga ciwon suga da ka kama yara, wanda sai da allurar insulin kullum, wai gaskiya na ya hi kama ɗiya mata? Gardama munka yi da maƙwabciyata, ta ce ta ji an ce dut ciwon da garkuwar jiki ka jawowa na mata na, ni ko yaran da nis sani da shi unguwarmu biyu maza na guda mace. Wa ad da gaskiya cikinmu?

Ɗan Gawon Nama:
Wa'alaikumus salam. Yo Hajiya wannan ai ba sai an tashi likita daga barci ba 😂 wa ka shan alawa da lemun kwalba in ba su ba, ki leƙa gidan biki ki gani

Sista Mai Jinya:
Ɗan Gawon Nama don Allah ka bar wannan maganar, irinta ce ke sa uwa ta zauna tana kuka wai ita ta ja wa ɗanta da sukarin shayi. Nau'i na ɗaya, wato wannan da ke kama yara sai da allura, ba ruwansa da shan zaƙi. Garkuwar jiki ce da kanta ke juyowa ta kashe ƙwayoyin halittar da ke yin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, a cikin fankiriyas, wani sashe ne na ciki da ke kwance bayan tumbi, kamar dai karen da ka ajiye don gadi ya juyo ya ciji mai gida. In ƙwayoyin nan sun ƙare to sun ƙare, ba ganye ba rubutu ba ƙwaya, sai allura. Yaron da ke kiwo can ƙasar Gudu wanda bai san ɗanɗanon cakulan ba zai iya samu. Wanda kake nufi nau'i na biyu ne na manya, shi ɗin ma ba zaƙi kaɗai ke kawo shi ba.

Ɗan Gawon Nama:
Tuba nike Sista, wasa na

Dakta:
Salam. Maman Biyu, maƙwabciyarki ta ɗauko gaskiya amma ta ajiye ta inda ba wurinta ba. Cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita, kusan 4 cikin kowane 5 masu fama da su mata ne. Lufus kam, ciwon da ke taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, mata 9 ne namiji 1. Ciwon tayirod na maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi irin rumatoyid duk mata sun fi. Ana danganta abin da kuromosom X, ƙunshin ƙwayoyin gado, guda biyu da mace ke da su, da kuma homon ɗin mata, wato sinadaran jikinsu. To amma suga nau'i na ɗaya shi ne ya fita zakka a cikinsu.

Ƙasa da shekara 15 kusan kunnen doki ake yi. Bayan balaga sai maza su wuce, a cikin Turawa tsakanin shekara 15 zuwa 40 kusan maza 3 ne mata 2. Sannan an lura ƙasashen da ciwon ya yi yawa, irin Finlan inda sama da yara 50 cikin 100,000 ke kamuwa duk shekara, da tsibirin Sardiniya na Italiya, maza ne suka ɗan rinjaya, inda kuma ba shi da yawa kamar sassan Afirka da Asiya mata ne suka ɗan rinjaya. Rinjayen kaɗan ne fa, bai kai a ce ciwon mata ne ba.

Abin da ya fi damuna ni shi ne halin da yarinya ke isowa asibiti a ciki. A 2023 mujallar Diabetologia ta buga wani nazari da ya tattara bincike 90 kan yara masu ciwon. Abin da ya riƙa fitowa: 'yan mata sun fi zuwa da HbA1c mai yawa tun ranar farko, wato gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, sun fi faɗawa DKA, wato lokacin da jini ya yi tsami saboda rashin insulin, sun fi kwanciya asibiti, sun fi buƙatar insulin mai yawa, kuma sun fi haɗawa da ciwon tayirod da siliyak, rashin jituwa da alkama. Maza kuma sun fi samun faɗuwar suga, sun kuma fi samun ɗan sauƙin nan na farko da buƙatar allura ke raguwa na wasu watanni. Kuma ciwon kan ɗan riga bayyana ga 'yan mata a shekaru, don sun riga maza balaga.

Gwaggon Yara, Arkilla:
Dakta wallahi awa kana gidanmu. Ɗiyar ƙanena na aji biyu na ƙaramar sakandare abin yah hwaro mata. Shan ruwa dai shan ruwa, hal kwana takai da kofin silba kusa ga randa, to watan huɗu na, wa ka tuhumar mai shan ruwa watan huɗu cikin Sakkwato? Sai rama, siket ɗin makaranta hal sai ta naɗe shi ta soke da hil, anka ce tsawo na ta ka yi. Sai ƙaiƙayin gaba, yarinya ta ji kunya ta yi shiru hal uwatta tag gane ga tahiyatta. Anka ce sanyi na, ban ɗakin makaranta na, anka tai kemis anka sawo na matsi, shi lahwa sati guda shi dawo, anka dahwa bagaruwa ta zanna ciki, shi dawo.

Abin da har gobe ba ni mancewa, al'adatta ta ɗauke, ga rama ga amai ya hwara, sai wata cikin gida ta ja uwar gehe ta ce a dai bincika yarinyag ga da kyau. Kun gane nuhinta. Yarinya na kwance ba ta ko iya ɗaga kai ana mata tambayar wa taka tsayawa da shi bakin layi. Da wannan yab baje sai anka koma taifot, wani yaz zo gida ya ɗaura mata ƙarin ruwa, cikin dare numhwashinta ya canza, ja takai mai zurhi da sauri awa wadda tay yi gudu, bakinta na wani irin wari. Munka kwashe ta sai asibiti. Wata nas ta soki yatsa kawai, na'ura ba ta ma ba da lamba ba, HI tar rubuta, wato sugan ya hi ƙarhin awonta. Sai ga kakarsu na cewa ai ita ta daɗe tana ganin kiyashi na taruwa inda yarinyag ga ka hitsari. Inna mi yah hana ki hwaɗi? Ta ce ita ta ɗauka rake ta ka sha.

Alhamdu lillahi ta tashi, yanzu ita ka yi ma kanta allura.

Maman Biyu, Mabera:
Innalillahi. Allah shi ƙara mata lahiya Gwaggo. Zancen zargin ga ya hi ciwon ciwo

Dakta:
Amin. Gwaggo duk abin da kika lissafa littafi ne. Suga in ya yi yawa a jini yana zubowa cikin fitsari, shi kuma naman gwarin da ke kawo ƙaiƙayin, kandida, abincinsa ke nan, shi ya sa na matsi ba ya hana shi dawowa. Al'ada kuma tana ɗaukewa in jiki ya rame sosai. Don haka yarinyar da ƙaiƙayi ke ta dawo mata, ga ƙishirwa ga yawan fitsari ga rama, kafin a tambaye ta komai a soki yatsanta. Minti ɗaya ne. In na'ura ta nuna 11.1 ko sama, ko 200 a masu ɗaya ma'aunin, tare da waɗannan alamu, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Wancan numfashin mai zurfi da warin ruwan goge jan farce a baki, da amai da ciwon ciki, DKA ne, yana kisa cikin sa'o'i. Kuma ina roƙon masu ɗaura ruwa a gida, wani ruwan gulukos ne a ciki, kada ka ɗaura wa yaro ruwa ba ka auna sugansa ba.

Malamin Firamare, Wamakko:
Ni fa ina da ja. Kullum in an taso magana sai a maida mata su ne abin tausayi. Ku zo ku ga yadda ake yi da yaro namiji. Yaro ɗan shekara 9 da ya daina fitsarin kwance tun tuni ya dawo yana yi, wa zai ce ciwo ne? Bulala ce, a ɗora masa tabarmarsa a ka yara na masa waƙa. A aji in ya nemi izinin fita sau uku mu malamai mu ce gudun lissafi yake. Ita mace aƙalla tana gaban uwarta kullum. Namiji yana gona yana kasuwa yana bin mashin, wa ya ƙirga kofin ruwan da ya sha? Balle almajiri da uwarsa ke can wata jiha, ya rame a ce yunwa ce, ya faɗi a ce masassara ce, a rufe shi ba wanda ya san sunan abin da ya kashe shi. Irin waɗannan ba sa shiga lissafin kowa Dakta, to ta yaya za a ce mata sun fi zuwa da muni alhali mazan ma ba su iso ba?

Sista Mai Jinya:
Malam maganarka ta almajirai gaskiya ce ba wanda zai musa. Amma ba gasar tausayi muke ba. Kuma zama gaban uwa ba shi ne gani ba, ka ji dai labarin Gwaggo, gidan cike da mata aka yi ta zagaye ciwon.

Malamin Firamare, Wamakko:
To ai shi ya sa na ce matsalar rashin sani ce, ba ta namiji ko mace ba

Ɗan Lab:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu. Akwai bambancin da ba ruwansa da gida. In an yi gwajin sojojin garkuwa da ke nuna ciwon na garkuwar jiki ne, wanda ake kira GAD an fi samunsa ga mata. Shi ne kuma ake nema ga babban mutum da ya haura 30 ba shi da ƙiba an ba shi ƙwayoyi suga ya ƙi sauka, wanda ake ce wa LADA, nau'i na ɗaya ne mai tafiyar hawainiya.

Sannan akwai wani da ke ruɗa mutane a nan yankinmu kuma maza ya fi kamawa. Magidanci zai zo da DKA sosai kamar nau'i na ɗaya, a sa shi kan insulin, bayan wasu watanni sai buƙatar ta ragu har a iya tsayar da allura, in an duba babu GAD babu sauran. An fi ganinsa ga baƙar fata, a Amurka har suna suka sa masa na wata unguwa a Niyok, Flatbush. Illarsa ita ce irin wannan mutumin ne zai zauna majalisa ya ce ai ni wani sassaƙe na sha na rabu da allura, sai uban yarinya mai nau'i na ɗaya na gaskiya ya ji ya je ya tsayar mata da tata. Ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Ƙari kaɗan, mai sikila ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan HbA1c ɗinsa na iya yin ƙarya, ku riƙa faɗa mana kafin mu ɗiba.

Maman Biyu, Mabera:
To Dakta raba muna gardama, halitta ta ko riƙon gida?

Dakta:
Duka biyun, kuma Malam bai yi kuskure ba da ya ce akwai waɗanda ba sa isowa. Amma ku lura yawancin binciken can daga ƙasashe masu hali ne, inda ba kemis ɗin da zai riƙe yarinya wata biyu kan sanyi, kuma duk da haka 'yan mata suka fi HbA1c mai yawa. Ke nan akwai na jiki. Lokacin balaga jiki na ƙin jin insulin ga kowa, amma abin ya fi ƙarfi ga mata. Akwai kuma rage allura da gangan don kada a yi ƙiba, wannan an fi ganinsa ga 'yan mata, kuma kada ku ce na Turawa ne kawai, 'yan matanmu na jami'a ma yanzu suna kallon tumbinsu a madubi. Mu a nan sai muka ɗora kunya da ɓoyo a kan wancan. Uba zai kawo ɗansa ya faɗi sunan ciwon da ƙarfi a layi. In 'yarsa ce sai ya sunkuyo ya ce Dakta don Allah kada a rubuta a katin da wani zai gani.

Admin:
Wata 'yar uwa ta turo min ta inbos ta ce in saka ba suna. Ga shi yadda ta rubuta:

Salam Anti. Ni ina da shi tun ina firamare yanzu ina jami'a. Abin da ba wanda ya taɓa gaya min sai da na gano da kaina, kamar sati ɗaya kafin al'adata sugana sai ya haye sama ko me na ci ko ban ci ba, in je asibiti a ce na ci amana na sha lemo, Mama ta yi ta faɗa a mota, alhali wallahi tuwon da nake ci kullum ne. Ranar da jinin ya zo kuma sai ya faɗo ƙasa har in ji hannuna na rawa. A hostel cikin ban ɗaki nake allura don wata ta taɓa ganina da sirinji ta baza cewa ina shaye-shaye. In ana biki ko mun fita wuni sai in tsallake ta rana don ba inda zan ɓuya in ɗaga riga. Na san ba daidai ba ne. Yanzu an kawo kuɗin gaisuwata, Mama da Gwaggo sun ce kada in kuskura in gaya masa sai an ɗaura, kuma an riga an yi maganar mai gyaran jiki, kun san abin da ke cikin tsimi da gumba, rake ne da dabino da zuma da mazarƙwaila, in na ƙi sha za a tambayi dalili. Ku ba ni shawara don Allah kada a zage ni.

Sista Mai Jinya:
Ƙanwata ba mai zaginki a nan. Abin da kika gani game da al'ada gaskiya ne, bayan ƙwai ya fita homon ɗin furojestaron na hawa, shi ke sa jiki ya rage jin insulin, da jini ya zo ya sauka. Ba kowace mace ke ganin haka ba amma da yawa suna gani. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta suga gefe guda ranar wata gefe guda, wata uku, ki ajiye gaban likitanki ku gyara allurar waɗannan kwanakin tare. Tsallake allura kuwa ki daina, nan DKA ke shigowa. Tsimi kuma ko kurɓa ɗaya sai kin san abin da kike yi, kofi guda na iya kai ki gadon asibiti ana saura kwana biyu ɗaurin aure, sannan asirin da ake rufewa ya tonu gaban dangin ango gaba ɗaya.

Gwaggon Yara, Arkilla:
Ɗiyata ki hwaɗa mai. Miji na za shi kwana ɗaki guda da ke, ran da suganki yah hwaɗi cikin dare kina zuhwa kina surutai in bai sani ba ruƙiyya za shi hwara maki maimakon shi ba ki sukari

Hajiya Mai Atamfa:
Gwaggo faɗa da baki ba wuya. Ni na ga auren da ya watse kan wannan, lefe ya riga ya shigo gida aka zo aka kwashe. Uwar yarinya ba muguwa ba ce, garin ta sani. In namiji ne mai ciwon ba wanda zai ce uffan, a ce ai Allah ke da lafiya, matar ma ta zama nas ɗinsa. In mace ce sai a ce an sayar musu da lalatacce. Ni dai ban ce a ɓoye har abada ba amma a san lokacin faɗa.

Ɗan Gawon Nama:
Ku yi haƙuri zan faɗi gaskiyata ko za a jefe ni. In ni ne aka ce wadda zan aura tana allura kullum sai na yi tunani, ba don ita ba, don 'ya'ya. Ai daga nono ake tsotso

Dakta:
Ɗan Gawon Nama zauna da kyau. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka ga lissafin da take bayarwa. In uba ne ke da nau'i na ɗaya, yiwuwar ɗansa ya samu kusan 1 cikin 17. In uwa ce kuma ta haihu kafin ta kai 25, 1 cikin 25. In ta haihu bayan 25, 1 cikin 100. Wato ta wajen uba ya fi bi. Ba a tsotsonsa a nono, shayarwa ma ana ƙarfafa mata ita. Kuma ko ta wane ɓangaren, mafi yawan 'ya'yan ba sa samu, yawancin yaran da muke gani ma babu mai shi a gidansu.

Maman Biyu, Mabera:
Allahu akbar 😂😂 ashe ku za a riƙa yi ma tambaya in kun zo neman aure

Hajiya Mai Atamfa:
Dakta wannan ita ce maganar da za a kai rediyo, don surukai mata su ji da kunnensu

Ɗan Gawon Nama:
To naji. Amma haihuwar fa? an ce suna wahala

Ungozoma, Runjin Sambo:
Suna haihuwa lafiya in an shirya, shirin ne ba a yi. Makonnin farko na ciki lokacin ake halittar zuciya da ƙashin bayan jariri, in suga na sama a lokacin nan ne ake samun ɓari ko tawaya, kuma sau da yawa mace ba ta ma san tana da cikin ba. Shi ya sa ake son ta daidaita HbA1c kusa da 6.5 kafin ta ɗauka, ta fara folik asid mai 5mg, ba ƙaramin da ake ba kowa ba, a duba mata ido da ƙoda. Daga tsakiyar ciki buƙatar insulin na ta hawa, da mabiyiya ta fita sai ta faɗo lokaci guda, in an ci gaba da allurar da take yi da ciki sai ta sume. Ga kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego da sukari kamar ba gobe. To ku gaya min amaryar da mijinta bai san tana da ciwon ba, ta yaya za ta ce masa a ɗan jinkirta ciki sai likita ya ce to? Kuma irin wannan haihuwar ta babban asibiti ce kamar UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ta ɗaki ba. Ni ina bayan Gwaggo.

Malam Na Zaure:
Bismillah. Abin da zai shafi zaman aure kullum ba a ɓoye shi, hadisi ya inganta cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma hukuncin ɗaya ne ga namiji da mace, shi ma in yana da shi wajibi ne ya faɗa. Shawarata ga yarinyar nan, kada ta yi gaba da iyayenta, ta samu kawunta ko wani babba da uwar ke jin nauyinsa ya zaunar da su, sannan a gaya wa yaron shi kaɗai tukuna, in da hali su je wajen likita tare ya ji da kunnensa. In ya gudu to da ma mai gudu ne, gara yanzu. Sannan tunda ana maganar ɓoyo, na san 'yan mata da samari da ke ɗaukar azumi don kada a gane. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, in likita ya ce kada ka yi to ka bari, ba tsoron Allah ba ne ka jefa kanka ga halaka don idon mutane.

Admin:
Wani ɗan uwa ma ya turo, shi ma ba suna:

Ni kabu-kabu nike yi, da shi nit tashi. Ku mata kuna da Sista da Ungozoma da za ku gaya ma, mu wa muka gaya ma? Matsalata biyu. In na yi allurar sahe nih hita ban karya da kyau ba, wajen sha ɗaya sai in ji gari na juyawa, na taɓa aje fasinja wajen tsohuwar kasuwa ban san sadda nik karɓi kuɗi ba. Ta biyu kuma ta ɗaki ce, ƙarhi ya ragu, abokai sun ce basir na ko shawara, na sha jiƙe-jiƙen masu mota da lasifika hal na gaji, kuma ina jin kunyar gaya ma likita don mace ta.

Dakta:
Ɗan uwa na gode da ka faɗa, kana magana ne da bakin mutane da yawa. Ta farko ita ce mai gaggawa don kana ɗauke da ran wani a bayanka. Ƙasa da 3.9, ko 70, suga ya faɗi. Kada ka hau mashin ba ka auna ba, kada ka yi allurar abinci ka fita ba ka ci ba, aikin ƙarfi da zafin rana suna sa insulin ya yi saurin aiki. Ka riƙa yawo da sukari mai ƙwaya 3 ko 4 a aljihu, da ka ji rawar jiki ko zufa ko jiri ka faka ka sha, ka jira minti 15 ka sake aunawa, sannan ka ci abinci. Ka koma a duba yawan allurar safen.

Ta biyu ba basir ba ne. Suga mai yawa na shekaru yana taɓa jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini, kuma wannan wurin na cikin inda ake fara gani. Akwai magani na asibiti, ka nemi likita namiji in hakan ya fi maka, amma jiƙon da ba ka san abin da ke ciki ba ƙodarka yake ci, ga shi da ma suga na neman ta. Mata ma suna da irin tasu matsalar ta bushewa da zafi, su ba ma a tambayarsu.

Malamin Firamare, Wamakko:
Kun gani ko? Ga namiji nan yana shan tasa shiru. Ni har yanzu ban sauka ba

Sista Mai Jinya:
Ba wanda ya ce ka sauka Malam. Amma ga guda ka ƙara a lissafinka. Galibi mace kafin ta daina jinin al'ada tana da kariya daga ciwon zuciya fiye da namiji, nau'i na ɗaya yana share wannan kariyar. Wani babban nazari na 2015 da ya haɗa mutum sama da 200,000 ya nuna ƙarin haɗarin mutuwa da ciwon ke jawowa ya fi na maza da kusan kashi 40 cikin 100 a wajen mata, na zuciya da hanyoyin jini kuwa kusan ninki biyu. Mace 'yar 35 ta ce ƙirjinta na ciwo sai a ce olsa ce ko kishi, ba mai auna mata hawan jini da kitsen jini.

Malamin Firamare, Wamakko:
Wannan kam ban sani ba. Amma gobe zan gaya wa malamanmu duk yaron da ke yawan neman fita fitsari, mace ko namiji, a kira iyaye kafin a ɗauko bulala

Gwaggon Yara, Arkilla:
Dakta kahin ka kwanta, zancen maƙogwaro da kac ce, tamu ba a taɓa yi mata ba. Kwanan ga tana yawan barci da jin sanyi, ga gashinta na zuba, uwatta ta ce shamfu na. Kuma wuta ba ta zama, cikin randa muka aje insulin, ya yi?

Dakta:
Gwaggo ku kai ta a yi mata TSH, gwajin jini ne na tayirod. Ana son a yi shi bayan an gano ciwon suga ya ɗan daidaita, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara 1 zuwa 2, in akwai alamu irin waɗannan ba a jiran lokaci. In tayirod ɗin ne ya yi sanyi ƙwaya ɗaya ce kullum da safe kafin karin kumallo. Insulin kuma wanda ba a buɗe ba firij yake so, tsakanin digiri 2 da 8 na Salshiyos, kada ya daskare, in ya yi ƙanƙara ya lalace. Wanda ake amfani da shi randa ta yi, amma kada ku jefa kwalbar cikin ruwan kai tsaye, ku sa ta a roba mai murfi, ko tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa inda iska ke bi. Ku rubuta ranar da kuka buɗe a jikin kwalbar, in ta yi kamar mako huɗu a canza, in kuma mai garau ɗin ya yi gajimare ko mai farin ya yi gudaji a zubar ko da saura.